Murhun da Ya Daina Hayaƙi

A shekarar da soja suka canza launin kuɗi, mutanen ƙauye suka yi ta tururuwa zuwa layin banki da tsofaffin takardunsu ɗaure a gefen zane, a shekarar ne sukari ya ɓace daga kasuwar Makarfi. Mai shayi ya koma jefa gutsuren mazarƙwaila a kofi. Masu kunu da masu alewa duk suka juyo kanmu. Mu da muke dafa ruwan rake a fadamar Gubuchi ba mu taɓa ganin masu saye kamar na ranin da ya biyo baya ba, kuma ba mu taɓa shan hayaƙi kamar nasa ba.

Injin matsar raken na mahaifinmu ne, ya bar mana ni da yayana. Yaya ya musulunta tun muna samari, ni kuma na shiga majami'a, amma inji ɗaya ne, doki ɗaya ke juya shi, kasko ma ɗaya. Kowa da aikinsa. Ni nake tura rake a bakin inji ina kora dokin. Yaya ne mai kasko, shi ke kwashe kumfa, shi ya san lokacin da ruwan ya yi kaurin da za a sauke a zuba a ƙananan kwanuka ya daskare. Matata ce mai wuta. Tun hantsi take tsugunawa a bakin murhu har rana ta yi sanyi, tana tura busasshen raken da inji ya riga ya matse, domin shi ne makamashinmu, ba ma neman itace.

Murhun rami ne dogo a ƙasa, kaskon ƙarfe mai faɗi a kansa, baki a gaba, 'yar kafa a baya don hayaƙi ya fita. Haka muka gada, haka kuma yake a kowace fadama daga nan har Taba. Sai dai kafar bayan ba ta isar hayaƙin. Wani ya fita ta can, wani ya dawo ta baki, kuma a bakin nan fuskar matata take.

Da farko idanunta ja kawai suke yi, su yi ta zubar da ruwa. Daga baya sai ta tashi da safe sun manne, sai na jiƙa tsumma da ruwan ɗumi na goge mata kafin su buɗe. In na yi magana ta ce, "Wa ya taɓa dafa mazarƙwaila da busasshen ido?" Ranar da hankalina ya tashi ita ce ranar da ta zo zuba mini ruwa a moɗa, ta zuba a ƙasa kusa da ƙafata, tana ci gaba da hirarta ba ta san abin da ya faru ba. Na ɗauke ta a keke zuwa ɗakin shan magani. Ma'aikacin ya haska mata tocila, ya ba mu maganin ɗigawa, sannan ya ja ni gefe ya ce ko dai ta rabu da hayaƙi, ko hayaƙi ya raba ta da idanu. Ya ce na hagun ya riga ya yi nisa.

A hanyar komawa na gaya mata. Tana bayana a kan keke, sai da muka gangara rafi muka hau, sannan ta ce, "To wa zai riƙe wa Yaya wuta? Kai? Kai da ko tuwo aka ce ka duba sai ya kama?"

Gaskiya ta faɗa. A ranin nan duk mai hannu yana kan nasa murhun, 'ya'yanmu ba su kai ba, kuma Yaya ya sha faɗa a bayan idonta cewa wutar kowa tana ɓata masa kasko in ban da tata. Maganar ta dawo kunnenta tuntuni, kuma na san tana jin daɗinta.

A lokacin ina zuwa ajin yaƙi da jahilci da ake yi a majami'armu da la'asar. Malaminmu mutumin kudancin Kaduna ne, siriri, mai sanyin murya. A da yana aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje a Zariya. Da aka zo rage ma'aikata abin ya haɗa da shi, sai ya dawo wurin ƙanwarsa da ke aure a garinmu, yana gyaran risho da fitilu, yana koya mana karatu. Na je na same shi na ce zan bar aji, domin ina so in riƙa karɓar matata a bakin murhu da yamma, ko da Yaya zai yi faɗa.

Bai ce in bari ba, bai ce kada in bari ba. Ya ce, "Hayaƙin naku wane launi ne?"

Na ce hayaƙi ai hayaƙi ne.

"Baƙi ko fari?"

"Baƙi ƙirin, Malam."

Ya ce ran Asabar zai zo ya gani.

Ya kuwa zo. Ya durƙusa ya gai da Yaya, suka yi ta yi, aiki da gajiya da iyali, har dokin sai da ya tambayi lafiyarsa. Sannan ya zagaya bayan murhu ya tsaya yana kallo, ya dawo gaba ya tsuguna kusa da matata har shi ma ya fara tari.

"Baba," ya ce da Yaya, "wannan baƙin da ke tashi abincin wuta ne da ba ta samu ta ci ba."

Yaya bai ɗago daga kasko ba. "To ka ce mata ta ci mana, Malam. Wa ya riƙe mata hannu?"

"Iska take jira. Iskar kuwa tana nan cikin ramin, amma ita da hayaƙin ba su haɗu ba, kowa na bin gefensa."

"Ikon Allah. Yanzu har hura wuta sai an je boko."

Malam ya yi dariya, ya roƙi matata ta ba shi aron kwanon wanki da 'yar bula. Ya cika kwanon da ruwa, ya jira har ruwan ya kwanta, ya jiƙa bular ya ɗiga a tsakiya. Shuɗin ya nutse ya zauna wuri ɗaya kamar an ajiye tsakuwa. Ya ce mu ɗauka shuɗin nan hayaƙi ne, farin ruwan kuma iska. In aka ƙyale su haka za su haɗu, amma sai an gaji da jira. Sai ya sa tsinke ya ja sau ɗaya. Shuɗin ya miƙe ya zama zare, zaren ya nannaɗe, ya rabu, kowane reshe ya ƙara sirancewa, har ido ya kasa bin su, kwanon ya zama launi ɗaya.

"Kun ga inda zaren ya sirance har ya ɓace?" in ji shi. "Nan ne kaɗai wuta take ci. Tsinken bai haɗa su ba, ya dai yi ta ja yana sirantawa, su kuma suka ƙarasa da kansu. Wuta ba ta cin curi, sai abin da ya gauraye sarai."

Matata ta ce, "Ashe damun fura ne."

"In ba a dama ba fa, uwargida?"

"Sai mutum ya sha nono tsagwaro, ya tarar da furarsa a ƙasa tana jiransa."

Malam ya ce shi ke nan ta gama karatun.

A nan ya ba mu labarin aikinsa na da. Ya ce a Zariya akwai masanan da ba su da aiki sai binciken yadda mai da iska suke gauraya a cikin inji, da saurin da bambancinsu yake ɓacewa. Tunda ido ba ya ganin iska, wani lokaci sai su sa ruwa mai launi ya bi ta cikin bututun gilas, su yi ta kallo suna aunawa, sannan su zauna su rubuta lissafin da zai gaya musu yadda abin zai kasance a babban inji tun kafin a ƙera shi. Shi ne yake haɗa musu bututan. Ya ce, "Lissafin ba ni da shi duka, ban ɓoye muku ba. Amma na san yadda ake yin ƙarami a duba kafin a taɓa babba."

Yaya ya ce shi dai kada a taɓa murhun mahaifinsa. In wasan yara za mu yi da laka, ga fadama nan.

Wasan yaran kuwa muka yi. A gefen lambun albasar maƙwabcinmu, inda jigo ke zuba ruwa a magudana, muka gina ɗan murhu na yumɓu wanda tsawonsa bai wuce hannu biyu ba, ba rufi, don mu riƙa ganin ciki. Ni nake jan jigo ruwa yana bi ta ciki, Malam yana ɗiga bula a baki. Da muka kwaikwayi namu na gado, shuɗin ya bi tsakiya ɗoɗar, tun daga baki har ya fita ta baya bai taɓa farin ruwan da ke gefensa ba. Na tsaya riƙe da igiyar jigo ina kallo. Shekara da shekaru ina ganin hayaƙin nan, ban taɓa tunanin hanya yake bi ba.

Muka fara sa tsakuwoyi a ciki. Bayan kowace tsakuwa ruwan ya riƙa yin 'yan ƙananan juyi, shuɗin ya shiga ciki ya wargaje. Muka huda gefe don farin ruwa ya shigo ta haƙarƙari. Wata Asabar abin ya yi kyau, wata Asabar yumɓun ya narke mu sake gini. Ban bar aji ba, domin Malam ya ce in na bari shi ma zai bar laka.

Wata rana matata ta bar wuta ta huce ta zo ta gani. Malam ya ɗiga bula ya ce ta duba yadda take watsewa a bayan tsakuwa ta biyu. Ta sunkuya. Ta ƙara sunkuyawa, ta karkata kai ta ba ruwan idonta na dama, har bakin ɗankwalinta ya jiƙe. Ta daɗe a haka. Sannan ta ce, "Kai, abin da kyau. Kamar ana warware zare." Malam ya dube ni, ni kuma na mai da ido kan igiya. Tun daga ranar ya daina jiran Asabar, yakan zo duk yammar da ba aji.

Da muka gamsu da ƙaramin sai muka haƙa babba a gefen na gado, a ƙarƙashin rumfa ɗaya. Muka jera duwatsu a ciki yadda tsakuwoyin suke, muka bar kafofin iska a haƙarƙari, a baya kuma muka ɗora tsofaffin garewani da aka fasa gindinsu, ɗaya kan ɗaya, muka shafe da laka ya zama bututu mai tsawo, kansa ya ɗan leƙa ta gefen rumfa. Yaya ya ba mu aron kasko na yini ɗaya, amma ya ce ruwan rijiya za mu dafa, ba ruwan rakensa ba.

Gwajin farko kunya muka sha. Matata ta kunna, wuta ta kama, bututun ya fara ja, sai muka ji fuu, ta mutu. Ta sake kunnawa, ta sake mutuwa. Iska na shiga ta ko'ina kamar ana kora ta.

Yaya yana zaune a kan turmi yana ɓare rake da haƙori. Ya ce, "Malam, ka cika alkawari. Babu hayaƙi ko kaɗan."

Malam ya yi ta sosa ƙeya, sannan shi ma ya fashe da dariya. Ya ce laifinsa ne, ya manta wani abu da ya sha ji a wurin aiki. Damu yana da iyaka. In ya yi kaɗan, hayaƙi da iska ba su haɗu ba. In ya yi yawa kuma, zaren wutar da kansa ake ja, ya sirance, zafinsa ya watse tun kafin ya kama na kusa da shi, sai ta mutu. Ya ce ashana ma in ka hura mata a hankali ta ƙara haske, in ka hura da ƙarfi ta tafi.

Muka toshe wasu kafofin da laka, muka cire dutse ɗaya. Sati na gaba muka sake gwadawa da yamma. Wuta ta kama, baƙin hayaƙi ya fito ta bututu, ya koma toka-toka, ya koma fari, sannan ya ɗauke. Sai wata rawa-rawa da iska ke yi a saman bututun. Murhun ya fara wani gurnani a hankali. Abin da ya fi, ba abin da ke dawowa ta baki, iskar ciki take shiga. Matata tana tsugune a wurinta na kullum, ta shafa fuska ta duba hannunta, a bushe yake. Ta ci gaba da tura makamashi tana 'yar waƙar majami'a ƙasa-ƙasa, abin da na daɗe ban ji ta yi a bakin wuta ba, domin mai tari ba ya waƙa.

Ruwan rijiyar ya tafasa da wuri. Yaya ya zo ya leƙa, ya zagaya, ya ce Litinin a zuba na gaske. Malam ya ce ba zai samu zuwa ba, zai raka ƙanwarsa awo a Ikara, amma ba abin da ya rage sai dafawa, mu kuma mun fi shi sanin wannan.

Akwai abin da ba wanda ya yi tunaninsa a cikinmu. Mai kasko yana tsayawa ne a gefe, ba ya ganin bakin murhu. Tun yana yaro Yaya da hayaƙi yake sanin wuta. In ya ɗaga kai ya ga baƙi na tashi, ya san an ciyar da ita. In ya ga ya yi siriri sai ya ce, "A ƙara!" Haka mahaifinmu ya yi, haka kowane mai kasko yake yi. Ita kuma matata, tun da idanunta suka raunana, da fuska take jin wuta: in hayaƙi da zafi suna dukanta ta san tana ci, in sun lafa ta san ta yi ƙasa. Sabon murhun ya ƙwace wa kowannensu ma'auninsa, mu kuma muna ta murna ba mu lura ba. Ranar gwaji Malam ne yake tsaye yana cewa ya isa, kuma da yamma ne, ana ganin harshen wutar.

Ran Litinin rana tana tsaka muka cika kasko. Ina can wurin inji ina bin doki, ina jin su. Yaya ya ɗaga kai, bai ga komai a saman bututu ba.

"A ƙara!"

Ta ƙara.

Can kuma, "Mai wuta, a ƙara mana! Ko barci ake yi?"

Ta leƙa ciki. Harshen sabuwar wutar ba ja ba ne irin wanda ta saba, fari-fari ne, ga hasken rana, ga ido ɗaya. Fuskarta kuma sanyi take ji, domin iska na wucewa ta kanta zuwa ciki. Ta ɗauka wutar mutuwa take yi irin ta ranar farko, kuma ba ta so a ce a hannunta murhun ya ba mu kunya. Sai ta riƙa turawa da hannu biyu. Duk sanda ta tura da yawa sai ɗan baƙi ya leƙo ta bututu, Yaya ya ce, "Yawwa, haka!" Da ya ɗauke ya sake cewa a ƙara.

Ruwan ya taso gaba ɗaya. Yaya ya sa mara yana ɗagawa yana zubawa don ya kwanta, bai kwanta ba. Ya yi kauri tun lokacinsa bai yi ba, ya koma ja, ya koma baƙi, ƙauri ya cika wurin. Kumfar da ta zubo ta gefe ta kama da wuta. A daidai nan harshen wuta ya fito ta saman bututu ya lashi ciyawar rumfa.

Na yanke igiyar doki na mare shi ya ruga. Na iske matata har yanzu a tsugune da makamashi a hannu tana cewa, "Me ya faru? Me ke ƙauri?" Na sure ta kamar yarinya na kai ta cikin albasa. Yaya ya tsaya yana neman ya janye kaskon mahaifinmu da sanda, sai da maƙwabta suka riƙe shi suka fito da shi. Da guga da ƙwarya aka kashe, amma tulin makamashin da ke jikin rumfa ya riga ya kama. Da wurin ya huce muka duba kasko, tsakiyarsa ta lotsa ta tsage.

Yaya bai yi faɗa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya zauna a kan turmi, gefen gemunsa a babbake, an shafa masa ɗanyen ƙwai a hannun da ya ƙone, ya ce in an samo wani kasko za a koma murhun gado, kuma a rushe wancan sabon.

Washegari Malam ya zo, labari ya riga ya same shi. Ya durƙusa a gaban Yaya ya daɗe bai tashi ba. Ya ce, "Baba, ruwa ya nuna mini yadda suke haɗuwa, bai nuna mini zafin da za su haifa ba, domin ruwa ba ya ƙuna. Kuma ban tambaye ku da me kuke gane wuta ba. Da na tambaya."

Yaya ya ce, "Ni ma da ka tambaya ban san zan ce hayaƙi ba. Tashi, Malam. Ƙaddara ce. Amma na gama."

Matata tana bayana. Ba ta taɓa yi wa Yaya magana kai tsaye a gaban baƙo ba, ranar ma ba ta yi ba. Ta taɓa gwiwar hannuna ta ce, da muryar da kowa zai ji, "Maigida, ka gaya wa Yaya yau da safe da kaina na buɗe idona, ba tsumma. Ka gaya masa in ya ce in koma tsohon zan koma, ban taɓa ƙin maganarsa ba. Amma wancan murhun yana da murya. Jiya na ji ta tana hawa, ban san abin da take faɗa ba ne. In aka bar ni da shi da ruwan rijiya zan koya."

Na buɗe baki zan maimaita, Yaya ya ɗaga hannunsa mai lafiya. "Na ji. Kunnena bai ƙone ba."

Ya tashi ya tafi gida. Kwanaki ba mu dafa ba, rake yana tsaye a gona, masu saye suna zuwa suna komawa. Ni ban rushe murhun ba, shi kuma bai tambaya ba. Sai wata safiya na hango shi tafe daga hanyar Taba, shi da wani abokinsa, sun ɗoro tsohon kasko a kan amalanke. Suka zo har wurin da rumfa take a da. Ga murhu biyu a jere, na gado da sabo. Abokin ya tambaya a ina za a sauke. Yaya ya tsaya yana duban ƙasa, sannan ya nuna sabon da haɓa.

"A nan. Amma a rage wa wannan bututun tsawo ko a kafa sabuwar rumfa nesa da shi, ba ni da wani gemun da zan bayar." Ya juyo wurina. "Ka gaya wa mai wuta daga yau na daina cewa a ƙara. Ita za ta riƙa gaya mini."

Haka aka yi. Ta yi ta dafa ruwan rijiya tana saurare, Malam yana tsaye a gefen kasko yana gaya mata yadda tafasar take, har ta rarrabe gurnanin yunwa da na ƙoshi. Kaskon farko na gaske ya ɗan yi duhu, na biyu ya fito ja mai kyau. Yaya ya daɗe yana ɗaga kai ya dubi bututu, sai ya tuna, ya yi wa kansa tsaki ya mai da ido kan kumfa. Makamashin da a da ba ya kai mu ƙarshen rani ya riƙa yin saura har mukan ba maƙwabta. Malam ya zauna da mu har damina biyu, sannan ya samu aiki a wani gari ya tafi. Idon matata na dama ya washe, da shi ta ga auren 'ya'yanmu, da shi take tsince mini tsakuwa a shinkafa har yau.

Abin da muka rasa a ranin nan: kaskon mahaifinmu, ruwan rake cikin kasko guda, rumfa ɗaya, tulin makamashi ɗaya, kunya biyu ta albasar maƙwabci da aka tattake wurin kashe wuta, igiyar doki, gefe ɗaya na gemun Yaya da fatar bayan hannunsa, da idon matata na hagu.